Barau da Indararon Soron Alhaji Gana

Duk wanda ya zauna a unguwar Garu ta Dutse ya san Barau, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Ni kam na san duka biyun fiye da yadda nake so, domin shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan Alhaji Gana mai dabino, bencin da ke bakin shagon kuwa shi ne ofishin Barau tun ranar da ya dawo daga Abuja.

Abin da ya yi a Abuja ba ɓoyayye ba ne. Wani shagon labule ya zauna, shi ke riƙe tsani idan maigidansa ya hau, ko shekara bai cika ba aka sallamo shi. Amma da ya sauka a tasha, sai ya sauko da tabarau marar magani, da tef ɗin awo rataye a wuya, da sabon suna wai Injiniyan Ƙawata Gida. Idan ka gaishe shi ba ya kallonka, bangon da ke bayanka yake kallo yana girgiza kai.

Wata rana ina taka keke ya ce da ni, "Izzuddeen, matsalar mutanen garin nan ba talauci ba ce, rashin ido ne. A Abuja yanzu manyan mutane gargajiya suke nema, a haɗa musu ita da zamani. Faifan nan da kakarka ke rufe fura da shi, can a bango ake kafa shi, a haska masa fitila, baƙi su yi ta ɗaukar hoto."

Na ce, "To furar fa?"

"Wace fura?"

"Wadda aka cire wa faifan. Ƙuda aka bar wa?"

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ka ji irin abin da nake faɗa. Rashin ido."

To shi Barau yana son Zaituna, 'yar autar Alhaji Gana, malamar firamare mai hankali da natsuwa. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ita ma tana son sa. Na taɓa tambayarta dalili ran da ta kawo ɗinki, ta ce ai shi kaɗai ne saurayin da ba ta taɓa yin hamma a gabansa ba. Da magana ta kai kunnen Alhaji sai ya aika a kira shi, kuma Allah ya sa ina cikin soron ina gwada wa Alhaji babbar riga.

Soron nan kuwa sai na faɗa muku yadda yake. Marigayi mahaifin Alhaji ne ya gina shi da jar ƙasa, bango mai kauri, rufin azara, ga zankwaye a sama, ga indararon yumɓu da suka leƙo gaba suna zubar da ruwan sama a titi. Lokacin da Alhaji ya samu buɗi ya rushe cikin gida ya yi na bulo, har da get a gefe, amma soron ya ce ko ƙwarzane kada a yi masa. Da azahar ɗin bazara in ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka har ƙashi, ba fanka ba komai.

Barau ya shigo ya tsuguna ya gaishe da Alhaji. Alhaji ya ce, "Barau, yarinyar nan ta ce kai take so, ni kuma ban hana ba. Amma mece ce sana'arka?"

Duk wani ɗan arziki a nan sunkuyar da kai zai yi, ya amsa da ƙyar. Barau ma ya sunkuyar, amma kan ya ƙi zama, ya ɗago shi ya bi rufin da kallo, ya sauke ajiyar zuciya.

"Baba, kafin in amsa, wa ya yi muku ɗakin nan?"

"Mahaifina, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Gaskiya ya yi ƙoƙari, daidai zamaninsa."

Allura ta kusa shige min yatsa. Shi kuwa Barau ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba: gidajen ministoci da ya gyara, matar wani babban mutum da ta yi kuka ran da zai taho, yadda za a mai da soron nan abin da za a riƙa zuwa kallo daga Kano. Alhaji mutum ne mai sanyin magana, amma akwai tsokana a ƙasanta. Ya bari har ya gama, sannan ya ce, "Madalla. Ni zan yi tafiya Legas da kaya. Asabar ɗin ƙarshen wata ƙannena za su zo daga Jahun da Haɗeja, naka iyayen su zo tambaya, a soron nan za a zauna. Tunda sana'arka ke nan, ga soro. In aikin ya burge su an ba ka Zaituna. In bai burge su ba, ka ga ba ni na hana ka ba. Abu ɗaya dai, kada ka taɓa min azara, hannun mahaifina ne a kanta."

Barau ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ko inuwarta ba zan taɓa ba."

Washegari Alhaji ya bar masa abin sayen kaya ya kama hanya. Barau ya rataya tamfol ya rufe gaban soron, wai ba a ganin aikin gwani sai an gama. Magina kuwa ya ce ba ya bukatarsu, za su ɓata masa tsari. Wayarsa da abokinsa Haisam mai adaidaita-sahu sun ishe shi.

Abin da ya fara isowa kujera ce daga Kano, doguwar kushin mai launin madara, a bayan akori-kura. Barau ya auna tsawon ɗaki, ya auna faɗi, ya auna har tudun rufi. Ƙofa ce kaɗai bai auna ba, ita kuwa ƙofar soro ta mutanen da ce, siririya, sai ka ɗan rusuna. Aka cusa kujera ta kai, ta ƙi. Aka kwantar da ita ta gefe, ta ƙi. Aka ɗaga ta tsaye aka danna da ƙarfin tsiya, ta shiga rabi ta cije, ba gaba ba baya, Haisam kuma yana ciki.

"Barau, ka fitar da ni! Fasinjan Jahun na bari a cikin keke!"

"Ka yi haƙuri, ina nazari."

Kafin a jima unguwa ta taru. Wannan ya ce a shafa mata man gyaɗa, wancan ya ce a cire ƙafafun, wata tsohuwa ta ce a bar ta haka, ai ta yi maganin ɓarayi. Liman ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Barau, lafiya kujera ta tsaya a ƙofa?"

"Allah gafarta Malam, gwajin ƙarfin bango muke yi."

Daga ciki Haisam ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙarya yake!"

A ƙarshe zarto aka aro, Barau ya raba sabuwar kujera gida biyu a gaban jama'a, zuciyata na zafi kamar ni na saya. Ya share gumi ya sanar cewa dama haka ya tsara, kujera mai ɓari biyu ita ake yayi. Da yamma ya lallaɓo shagona in ɗinka mata riga da za ta rufe yankan.

Bayan kujera sai gargajiya. Ya shiga cikin gida ya roƙi Hajiya Bintu, mahaifiyar Zaituna, aron 'yan faya-fayai. Ita kuwa kunyar suruki ta sa ta ce ya ɗauki abin da yake so, ta shige ɗaki. Da ta fito ta tarar an yi wa madafa tas: faya-fayai, ƙorai, akussa, taɓarya, turmi, har randar da ta zo da ita ɗakin miji. Turmin ya kife shi ya ɗora masa gilashi, ya zama tebur. Taɓarya ya rataye ta a bango. Randa ya shafe ta ciki da waje da fenti mai ƙyalli, tun daga ranar ruwan da ke cikinta ya koma ɗumi kamar na wankan jego.

Hajiya Bintu ba za ta yi wa mai neman 'yarta magana kai tsaye ba, ba a yi haka. Saboda haka ta zo bakin ƙofar soro ta ciki, ga Barau nan tsaye kusa da ita da guduma, ta juya masa baya ta ɗaga murya yadda har shagona ana ji.

"Zaituna! Ki tambayar min masu ilimi, a Abuja da me ake daka gero?"

Barau ma ya juya ya fuskanci bango cikin ladabi. "Zaituna, ki gaya wa Umma a Abuja ba a daka, inji ake kaiwa."

"Ki gaya masa to yau sai ya ci inji, don ba tuwo a gidan nan."

"Ki gaya wa Umma turminta ya samu ɗaukaka."

"Ki gaya masa turmina bai nemi sarauta ba!"

Duk wannan abin Zaituna tana makaranta, ba ta ma dawo ba.

Sai aka zo kan rufi. Barau ya ce azarar ta yi duhu, za a yi silin na fi'ofi, wannan farin garin da ake kwaɓawa a yi allo-allo a manna a sama. Alkawari kuwa ya riƙe shi: bai buga ko ƙusa ɗaya a azara ba, a jikin bango ya kafa ƙarafunan da suka riƙe silin. Da aka gama, azara ta ɓace gaba ɗaya. Sai ya tuna ai gargajiya ake nema, ya ɗauko fenti ruwan ƙasa ya zana layi-layi a jikin farin silin.

Na leƙa na ce, "Wannan fa?"

"Azara."

"Ka rufe ta gaske ka zana ta ƙarya?"

"Ta gasken ba ta miƙe ba, Izzuddeen. Duba tawa, kamar an ja da zare."

Da a nan ya tsaya, wallahi da yanzu Zaituna na ɗakinsa. Amma wata safiya ya ɗage tamfol ya tsallako bakin shagona don ya ɗauki hoton gaban soron. Ya ɗauka ya duba, ya sake ɗauka ya sake dubawa, ya yi tsaki.

"Waɗancan abubuwan ne suka ɓata min hoto. Sai ka ce soron gwalo yake yi wa mutane."

Indararo yake nufi. Kafin in tofa tawa ya kafa tsani ya hau, ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya ya zare, ya kwaɓa siminti ya toshe ramukan, ya shafe da fenti. Nan fa kowa ya sa baki, domin wannan ba sai magini ba, ko akuyar Garu ta san rufin soro tamkar faranti yake, an kewaye shi da ɗan bango, in ba ta indararo ba ruwa ba shi da mafita.

Liman ya ce, "Barau, ruwan sama ta ina zai sauka?"

"Allah gafarta Malam, rana za ta shanye shi. Kuma ma wayata ta ce babu ruwa a makon nan." Ya ɗaga wayar daga saman tsani ya nuna mana hoton rana tana murmushi.

Mai shayi ya ce, "Shamuwa fa ta iso tun makon jiya, manoma sun gama sharar gona."

"Shamuwa tana da intanet ne?"

Da la'asar ya je zance, Zaituna ta fito ranta a ɓace. Ita da kanta ta ba ni labarin daga baya. Ta ce masa, "Yaya Barau, kujera na yi dariya, turmi na yi dariya. Wannan ba abin dariya ba ne. Soron nan shi ne abin da Baba ya fi so a duniya bayan mu. Don Allah ka mayar da su. Tsoro nake ji kada in rasa ka a kan hoto."

Ta ce jikinsa ya yi sanyi, ya rantse da zarar an gama taro zai mayar. Daga nan ya koma soro, ya wanke indararon tas, ya jera su tsaye a kusurwa, ya soka musu furannin roba.

Asabar ta zo da wani irin zafi mai danƙo, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Alhaji ya dawo tun jajibiri amma ta get ya shiga, Barau ya roƙe shi kada ya leƙa sai baƙi sun hallara. Bayan la'asar suka iso: Baffa Sharhabilu daga Jahun, ƙaton mutum da sai ya karkata yake shiga mota, Baffa Muslim daga Haɗeja, siriri mai fataucin busasshen kifi, sai Malam Huzaifa, baffan Barau, manomi daga Taura wanda maganarsa ba ta da yawa. Ni ma an kira ni a matsayin maƙwabci. A al'ada mai neman aure ba ya zama a wurin tambaya, amma Barau ya ce shi ba a matsayin mai nema ya zo ba, a matsayin injiniya ya zo.

Aka yaye tamfol. Alhaji ya tsaya ya dubi gaban soron, ya ɗan karkata kai. "Kamar akwai abin da babu."

"Tsufa ne babu, Baba. Bismillah, ku shiga daga ciki."

Gaskiya ɗaya ce, ciki ya yi kyau. Tayil na ɗaukar ido, faya-fayan Hajiya sun yi reras a bango kowanne da ƙwan fitilarsa, ƙorai na reto daga sama, kujera ta sha rigar da na ɗinka mata. Baffa Muslim ya ce masha Allah. Baffa Sharhabilu ya zauna a tsakiyar kujera, daidai kan yankan, na kawar da kai. Kan Barau ya kumbura har tabarau na neman matse shi, ya shiga bayani kamar mai jawabi a rediyo.

Alhaji ya ɗaga kai sama. "Ina azarata?"

"Tana ciki, Baba, lafiyarta ƙalau, ban taɓa ta ba. Wannan hotonta ne."

Alhaji ya sauke kai. Idonsa ya sauka a kusurwa. "Waɗancan tukwanen furen fa? Kamar na san su."

Bai rufe baki ba aka yi wata tsawa daga gabas, ta bayan duwatsu. Iska ta taso, gari ya yi duhu, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan farko na shekara. Ni dai na ja jiki na koma kusa da ƙofa. Daga nan ina hango mutanen unguwa sun cika rumfar shagona, ba wanda ke kallon ruwan, kowa saman soro yake kallo. Duk gidajen layin indararo na ta kwarara, soron Alhaji kaɗai ne ko ɗigo bai zubar ba.

Malam Huzaifa ya gyara murya ya yi salati, ya ce, "To Alhaji, mun zo ne a madadin ɗanmu Barau, muna nema masa auren 'yarku Zaituna, in Allah ya..."

Ɗis. A kan hular Baffa Sharhabilu.

Ya shafa hular ya dubi hannunsa. Barau ya yi wuf ya ce, "Raɓar esi ce mai sanyaya ɗaki, Baffa."

"Wane esi? Ni ban ga esi ba."

"Wanda za a saka."

Ɗis, ɗis. Wannan karon ruwan ja ne. Malam Huzaifa ya sake ɗauko magana daga farko, amma ba mai sauraronsa, duk an ɗaga kai. Farin silin ya fara sauko da ciki a hankali, azarar da Barau ya zana kamar an ja da zare ta lanƙwashe.

Baffa Muslim ya tattara rigarsa ya ce, "Yaya, ni a bakin kogi na tsufa. Abin nan da ke samanmu ruwa ne, kuma ba kaɗan ba."

"Haka tsarin yake, Baffa," in ji Barau. "Silin mai numfashi ne. Bari in ɗan tallafe shi."

Ya fizgo taɓaryar Hajiya daga bango. Muka haɗa baki muka ce kada, amma ina. Ya kai ta tsakiyar kumburin ya tokare, ita kuwa taɓarya ba ta san tallafi ba, daka ta sani. Ta huda ta shige.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Silin ya dare, tafkin da ya taru a sama ya sauko gaba ɗaya da jar laka da farin fi'ofi. Fitilu suka mutu. Baffa Sharhabilu ya zabura zai miƙe, ɓari biyun kujera suka zame a kan jiƙaƙƙen tayil, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, rigar da na ɗinka ta yage, bawan Allah ya zauna daɓas a tsakiya yana kiran sunan Allah. Baffa Muslim ya haye turmi ya tsuguna. Malam Huzaifa kuwa bai motsa daga inda yake ba, laka na bin gemunsa, ya ce a hankali, "...in Allah ya yarda."

Ruwa ya ɗebi faya-fayai da ƙorai ya yi cikin gida da su. Muka jiyo muryar Hajiya Bintu daga tsakar gida: "Zaituna! Ki gaya masa na gode, kayana sun dawo da ƙafarsu. Saura turmi!"

Da ruwa ya tsagaita, unguwa duk ta dawo bakin ƙofa, masu dariya na yi, masu jaje na dariya su ma. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Manyan mutane suka fito ɗaya bayan ɗaya, rabi ja rabi fari. Alhaji ne kaɗai bai fito ba. Yana tsaye a tsakiyar soron ya ɗaga kai, ga azarar mahaifinsa nan ta bayyana, baƙa, karkatacciya, ba wadda ta karye, amma ƙasar da ke kanta ta zube har ana hango sama ta tsakaninsu. Na daɗe da sanin Alhaji, ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar. Dariyar bakin ƙofa ta mutu da kanta.

Ya taka zuwa kusurwa. Ruwan rufi na zuba daidai cikin ɗaya daga indararon, yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa, wato shi ko a ɗaki aikinsa yake yi. Alhaji ya ɗauke shi, ya zare furen roba ya yar, ya ɗaga shi ya leƙa Barau ta cikin ramin.

Barau ya zube a laka, tabarau ya ɓata, tef ɗin awo ya naɗe masa wuya. Da ƙyar ya ce, "Baba... ban taɓa azara ba."

"Gaskiya ne," in ji Alhaji. "Ka cika alkawari. Laifina ne da ban ce kada ka taɓa hankali ba." Ya juya ga Malam Huzaifa. "Malam, kun tambaya, ga amsa. Ban bayar ba, ban kuma hana ba. Yaron nan zai cire duk abin da ya manna. Zai kwaɓa ƙasa da ƙafarsa ya rufe soron nan yadda ya same shi, ya mayar da waɗannan inda mahaifina ya kafa su. In soro ya sha damina guda cur bai ɗiga ba, ku dawo. In ya ɗiga ko sau ɗaya, ku huta da kuɗin mota."

Ya miƙa wa Barau indararon. Barau ya karɓa da hannu biyu ya rungume.

Tun daga washegari Barau ya koma ramin kwaɓa, wando a naɗe har gwiwa, yana cuɗa ƙasa da ciyawa a gaban kowa. Ya rame, ya yi baƙi, ƙafafunsa sun tsattsage. Rufi ya koma, indararo sun koma, soro ya ci gaba da gwalonsa. Yanzu ko hira ake yi a bencina, da zarar gabas ta haɗe rai sai ka ga Barau ya miƙe ba sallama. Ba ya duba waya. Yana zuwa zai tsaya a ƙarƙashin indararo, sai ruwan ya kwararo masa a ka sannan hankalinsa ya kwanta, ya ruga ciki ya bi azara da fitila ɗaya bayan ɗaya.

Bakin ne dai bai mutu ba. Wani baƙo ya tambaye shi me yake yi kullum a gidan Alhaji, ya ce ai kwangilar shekara aka ba shi, Alhaji ya ga aikinsa ya ce ba zai iya rabuwa da shi ba.

Shekaranjiya yana zaune a bencina jiƙe sharkaf, aka kawo masa kwanon fura daga cikin gida, Zaituna ta rufe shi da faifai, akwai ma ramin ƙusa a tsakiyarsa. Na ce, "Injiniya, ga faifai an wulaƙanta a kan fura. In kawo maka guduma?"

Ya janye kwanon kusa da shi, ya kori wani ƙuda, ya gyara wa faifan zama.

"Izzuddeen, har yanzu rashin ido na damunka. A kan fura ake yayinsa yanzu a Abuja."